Salansa, indomi da ƙwaƙwalwa: inda ƙarfin tsohuwar jif yake ɓata

Ƙanena ya sayi Lexus RX330 ƙirar 2005, ya kawo ta ƙofar gida da yamma, muka zagaye ta muka yi masa addu'ar Allah ya sa ya kashe da kansa, ya tsare shi daga sharrin ƙarfe. Ba a yi kwana uku ba ya same ni. "Yaya, motar nan ba ta da numfashi. In na hau gadar Dangi sai in ji kamar wani ya riƙe ta ta baya. An ce in kai ta a yanke tukunyar salansa, a zazzage indomi, a sa mata ƙaton bututu. Akwai kuma wani yaro mai kwamfuta da zai taɓa mata ƙwaƙwalwa." Indomi dai matatar hayaƙi ce da ke jikin salansa, ƙwaƙwalwa kuma ita ce kwamfutar da ke sarrafa inji. Na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya kafin kowa ya ɗora wutar walda a kanta.

Na roƙa ne don na san inda wannan hanya take kaiwa. Kusan duk jif ɗin da ke yawo a Kano, Highlander ce ko RAV4, CR-V ce ko Pilot ko Pathfinder, ta yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin a duniya. Ta gama aikinta a Amurka ko Turai, ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, sannan ta zo ta sha ranar Afrilu da ƙurar hunturu a hannun mutum biyu ko uku kafin ta iso gare ka. Injin da ke cikin motar ƙanena, wanda Toyota ke kira 3MZ-FE, mai lita 3.3 da silinda shida, ya fito daga kamfani da ƙarfin doki kusan 230. Wannan ƙarfi ya ishi motar ta haye kowace gada a garin nan da mutum biyar a ciki da na'urar sanyi a kunne. In ta kasa, wani abu ne ya cinye ƙarfin, kuma aikin farko shi ne a gano mene ne. Wanda ya fara da neman ƙari alhali bai dawo da abin da ya ɓata ba, kuɗinsa zai kashe sau biyu.

Inji dai famfo ne na iska. Yana shaƙa, ya gauraya iskar da fetur, fulogi ya kunna wuta, hayaƙi ya fita. Gaurin da ƙwaƙwalwar mota ke nema shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, bisa nauyi. Ƙwaƙwalwar ba ta gani, da na'urori take ji: akwai mai auna iskar da ke shiga, wadda makanikai ke kira iyafulo, akwai mai auna zafin ruwa, akwai kuma sansa a jikin salansa da ke sansanar hayaƙi ta gaya mata ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Salansar motar zamani tana cikin lissafin inji. In ka taɓa ta, ka taɓa labarin da ƙwaƙwalwa ke samu.

Daga jikin inji hayaƙi yana fita ta manifol, bututun da ke tattara hayaƙin silindoji wuri ɗaya, ya ratsa katalis, wato indomi, ya bi wani guntun bututu mai lanƙwasuwa kamar saƙar waya, ya shiga ƙaramar tukunya ta tsakiya, sannan babbar tukunya ta baya. Kowanne da aikinsa. Mai lanƙwasuwar nan tana shanye girgizar inji, musamman a motocin da injinsu ke kwance a gicciye irin Highlander da RX da CR-V, domin duk lokacin da ka taka totur injin yana ɗan juyawa a kan kujerunsa. Ɗan waldan da ya cire ta ya liƙa sandararren bututu ya tura girgizar zuwa manifol, kuma can za ta tsage. Tukunyar tsakiya tana kashe wani irin gunji mai ratsa kai. Ta baya ita ke rage yawan ƙarar gaba ɗaya.

Indomi ne ya fi kowanne shan wahala a garin nan, don haka zan daɗe a kansa. Sunan ya samo asali daga kamanninsa: wani farin dutse ne mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, in an fasa shi sai ya yi kama da taliyar da ba a dafa ba. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda idan suka yi zafi suke sauya gubar hayaƙi zuwa abin da ya fi sauƙin illa. Tun 1975 motocin Amurka suka fara zuwa da shi. Waɗannan ƙarafa su ne dalilin da ya sa ake sayen tsohon indomi da kuɗi mai kauri, kuma su ne dalilin da ya sa shawarar "a cire shi kawai, Alhaji, shi ke shaƙe motar" take saurin fitowa daga bakin wasu. Ba na zargin makanikai a dunƙule, akwai masu amana da yawa da na san sun fi ƙarfin wannan. Amma wanda ya ce a cire maka indomi, ka tambaye shi ina za a kai wanda aka ciren, kuma ka tsaya a wurin.

Gaskiya ne indomi yana toshewa, kuma toshewarsa tana kashe mota. Alamarta ita ce motar tana zaune lafiya in tana tsaye, tana tashi lafiya, amma da zarar ka nemi gudu ko ka kama hawa sai ta riƙe, giya ta yi ta sauka tana hawa, ƙasan motar ya ɗauki zafi fiye da kima. Wani lokaci in ka bubbuga shi da hannu bayan ya huce za ka ji ɓaraguzai suna kaɗawa. Ana iya tabbatarwa ba tare da yanka ba: a kwance sansar gaba, wadda hayaƙi ke riska kafin ya shiga indomi, a ɗaura ma'aunin matsi a raminta, a ɗaga inji a ga ko hayaƙin yana taruwa. Sai dai indomi ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi. Koyil ɗin da ya mutu, wato mai ba fulogi wuta, ko fulogin da ya gaji yana barin ɗanyen fetur ya wuce zuwa salansa, ya kama wuta a cikin indomin har dutsen ya narke. Injin da ke shan baƙin mai yana shafe ramukan da toka. Gaskit ɗin da ke yoyon ruwa cikin silinda haka. Shiga ruwa mai zurfi a watan Agusta da indomi yana jajir da zafi yana iya tsaga shi nan take. In ka sa sabo ba ka magance abin da ya kashe na farkon ba, shi ma zai bi sahu.

Lafiyayyen indomi kuwa, cire shi ba ya ƙara wani ƙarfin da ƙafarka za ta ji. Abin da za ka samu shi ne warin da ke sa hawaye, ƙarar gwangwani daga kwankon da aka bari wayam, da fitilar cek-inji da ba za ta ƙara mutuwa ba, domin sansar da ke bayan indomi za ta ga hayaƙin bai sauya ba ta rubuta lambar P0420. Fitilar nan ita ce babbar asarar. Tun 1996 motocin Amurka suke zuwa da tsarin OBD-II, wanda ke ba mota damar faɗin ciwonta. In fitilar ta zama kullum a kunne, ranar da wani ciwo na gaske ya zo ba za ka sani ba. Na ga masu liƙe ta da baƙin tef, na ga waɗanda aka cire musu ƙwan gaba ɗaya kafin a sayar musu da motar. Shi ya sa duk mai sayen jif ya juya makulli ba tare da ya tayar ba, ya duba ko fitilar ta kama tare da 'yan uwanta.

Akwai kuma mutanen da ke bayan motar. A cunkoson Kurna ko 'Yankura, bakin salansar jif yana dab da fasinjan Adaidaita Sahu da yaron da ke tallar ruwa. Su ke shaƙar abin da ka ƙi tacewa. Kai ma ba ka tsira ba. Jif doguwar akwati ce mai ƙofa a baya, kuma iskar da ke juyawa a bayanta tana iya mayar da hayaƙi ciki in robar ƙofar ta gaji, ko in an gajarta bututun bai wuce bamba ba. Gubar da ta fi haɗari a hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari, ciwon kai da barci kawai take sawa, kuma yara ne ke zama a kujerar baya. Wannan kaɗai ya isa a ce duk yoyon salansa a gyara shi a ranar da aka ji shi.

Maganar ƙaton bututu ta fi sauƙin warwarewa. Hayaƙi ba ya fita a miƙe kamar ruwan famfo, yana fita ne bugu-bugu, kowace silinda da nata. Bugun da ya wuce da sauri yana barin wani ɗan gurbi a bayansa wanda ke jawo na gaba. In bututun ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙin ya rage gudu, ya huce, jan nan ya ɓace, motar ta rasa ƙarfinta na ƙasa, wato na tashi daga tsaye da na hawa. Jif mai nauyin kusan tan biyu da ke yini tsakanin danja da kwanciyar ɗan sanda, wannan ƙarfin na ƙasa shi ne rayuwarta. Ga injin lita 2.4 zuwa 3.5 marar tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, faɗin da kamfani ya sa, wanda yawanci yake tsakanin inci biyu da biyu da rabi, ya wadatar. Babban bututu na injin da ke yini a saman juyi ne, irin na tsere.

To me ya sa wanda ya yanke tukunya yake rantsuwa motarsa ta ƙara gudu? Kunne ne. In ƙara ta ƙaru, jiki yana ɗauka gudu ya ƙaru, ƙafa kuma tana ƙara nutsewa don jin daɗin sautin, mai yana tafiya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ga kuma gunjin da ke zuwa daidai lokacin da allurar juyin inji take wajen 2,000, wanda shi ne inda jif take zama a hanyar Zariya ko Wudil. Mintuna goma na farko daɗi ne. Kafin ka kai Kwanar Ɗangora uwargida ta ɗaure kai. Mai dawowa gida ƙarfe sha ɗaya na dare ta lungu mai jarirai da tsofaffi kuma, haƙƙin maƙwabtaka yana kansa.

Ban ce kada a taɓa salansa ba. Motar da ta yi shekaru a jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, takan zo da salansa ruɓaɓɓiya, kuma dole a sauya. Wanda ke son sauti mai ɗan kauri ma yana da hanya mai tsabta: ya bar manifol da indomi da sansa da tukunyar tsakiya yadda suke, ya sauya tukunyar baya kaɗai. A nan zaɓina na farko shi ne salansar Beljiyam ta ainihin motar, in an samu mai lafiya a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, domin lanƙwasarta da ratayenta sun dace ba sai an tilasta ba. A ɗaga ta a girgiza, a leƙa indomin da tocila a ga ramukan a buɗe suke kuma a jere. In sabuwa za a haɗa, ƙarfe marar tsatsa ya fi daɗewa. A lura da kwanoni: bututun da aka lanƙwasa har ya matse a kwana, ko aka yayyanka aka liƙa shi gaɓa-gaɓa, ya fi tsohon shaƙewa ko da ya fi shi faɗi. A nemi a haɗa da noti da gaskit a wuraren da kamfani ya yi haka, kada a walde komai ya zama sanda ɗaya. A mayar da robobin rataya da faifan da ke kare tanki da ƙasan mota daga zafi. Kafin walda a cire kan batir, don wutar walda tana iya ƙona ƙwaƙwalwa.

Sansa kuma a sayi mai lambar motar. A yawancin Toyota da Lexus na waɗannan shekaru, sansar gaba wata iri ce daban da ta baya, ko da kamanninsu ɗaya ne. Wanda ya yanke waya ya dasa kowace ya samu, motar za ta ci mai kamar ba gobe. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, wannan kuskure ya daina zama ƙarami.

Sai ƙwaƙwalwa. Abin da ake kira tunin shi ne sauya lissafin da ke cikinta: yawan man da nozul zai fesa, lokacin da fulogi zai kunna, da kuma yawan iskar da tobo zai tura in motar tana da shi. A injin da ba shi da tobo, iskar da zai shaƙa tana da iyaka, kuma kwamfuta ba ta ƙara faɗin silinda. Abin da mai tunin zai iya yi shi ne ya matso da lokacin wuta gaba kaɗan, ribar kuma 'yar ƙanƙanuwa ce. Haɗarin ya fi ribar girma a wurinmu. Lissafin da ake saukowa da shi daga intanet an yi shi ne don ƙasashen da ake sayar da fetur mai lamba 95 ko 98, lambar da ke nuna juriyarsa ga fashewa da wuri, a yanayi mai sanyi. Mu gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, ingancinsa kuma yakan bambanta, kowa ya tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022. Haɗa wannan da zafin da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, sai man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Za ka ji wata ƙara kas-kas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka a hawa. Injin yana da sansar da ke jin wannan ta ja wutar baya, ribar da ka biya ta tafi ke nan. In abin ya fi ƙarfinta, fistin ne zai biya. Ga shi kuma ƙwaƙwalen Toyota da yawa na farkon shekarun 2000 ba sa karɓar sabon rubutu cikin sauƙi, don haka wanda ya ce ya yi maka tunin cikin minti goma, mai yiwuwa lambobin ciwo kawai ya goge.

'Yan akwatunan da ake sokawa a ramin sikana, inda ake jona na'urar karanta ciwon mota, da alƙawarin rage shan mai da ƙara ƙarfi, yawancinsu fitila ce kawai ke ƙiftawa a ciki. Na'urar da ake haɗawa da totur kuwa ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, tana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka ka taka fiye da yadda ka taka ne.

Mai tobo labarinsa daban, kamar Prado mai dizal 1KD ko jif-jif na Jamus. A nan tunin yana ƙara ƙarfi na gaske wanda za a ji a ƙafa, tun da ana iya tura ƙarin iska da ƙarin mai. Ƙarin kuma zafi ne, zafin yana sauka a kan fistin da tobo da lagireto, ƙarfin yana sauka a kan giyabos ɗin da ya riga ya yi kilomita dubu ɗari biyu ko uku. Wanda ya dage sai ya yi, ya fara gwada nozul da matsin silinda, ya tabbatar giya ba ta zamewa, ya nemi ƙari matsakaici, kuma ya sa a adana masa ainihin lissafin kamfani kafin a rubuta sabo. Baƙin hayaƙi bayan tunin alama ce ta man da bai ƙone ba, aikin bai yi kyau ba ke nan.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya bari a Kano shi ne buɗaɗɗiyar filtar iska mai siffar mazurari. Tana zaune a cikin zafin inji tana shaƙar iska mai zafi, wadda ba ta kai mai sanyi nauyi ba, kuma ramukanta sun yi wa ƙurar hunturu faɗi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar nan kamar gari take, tana cin ringi da bangon silinda a hankali. Mai jiƙe da mai kuma tana ɓata siririyar wayar iyafulo. Akwatin kamfani da filtar takarda mai kyau, ana sauya ta da wuri a lokacin hazo, ya fi mana.

Motar ƙanena mun kai ta wurin wani dattijon bakanike mai sikana. Kafin ya taɓa sifana ya karanta lambobi, ya bar injin yana aiki yana kallon alƙaluman. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ta taɓa yin zafin da ya kamata ba." Wani ya riga ya cire mata tamostat, abin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, ya haɗa fanka kai tsaye, abin da ake yawan yi a nan da sunan maganin zafi. Tamostat ɗin waɗannan injina yana buɗewa ne wajen digiri 82, kuma in babu shi ƙwaƙwalwa tana daɗewa tana ɗauka injin da sanyi, tana ta ƙara mai. Filtar iska ta toshe har ta lotsa. Iyafulo ya yi datti. Silindojin injin layi biyu ne, kowane da indominsa. Koyil ɗaya a layin baya, wanda ke da wahalar kaiwa sai an cire manifol na sama na shigar iska, ya daina aiki sosai, fulogan layin kuma da alama ba a taɓa sauya su ba tun zuwan motar. Indomin wannan ɓangare ya fara narkewa, na ɗaya ɓangaren lafiyarsa lau. Man giya ya yi baƙi, aka sauya da T-IV, irin wanda aka rubuta mata. Tayoyin baya biyu iskarsu ta yi ƙasa, birkin baya na dama yana ɗan riƙewa. Da yake injin bel yake amfani da shi ba sarƙa ba, kuma babu wanda ya san ranar da aka sauya shi, muka haɗa da taimin bel da famfon ruwa.

Indomi ɗaya muka saya na Beljiyam, tsohon kuma ƙanena ya sa shi a but ya tafi da abinsa. Tukunyoyi biyu suna nan yadda suka zo, ƙwaƙwalwa ba a taɓa ta ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya ɗauki Hajiya da yara huɗu ya hau doguwar gadar Sabon Gari da sanyi a kunne, giya ba ta sauka ba sai sau ɗaya. Har yanzu yana maganar sauya tukunyar baya don yana son sautin ya ɗan yi kauri, mun kuma yi da shi zai bari sai bayan damina, in ya ga yadda lissafin mansa ya zauna.